Na Dafa Furotin Ɗin Dokta Don In Kunyata Shi, Yanzu Yayata Ta Bar Asibiti

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da duk masu bibiyarsa. Don Allah a sakaya sunana, kada a sa ko harafin farko. Kuma ina roƙo tun kafin in fara, wanda ya san zagi kawai ya iya ya wuce abinsa. Na san abin da na aikata, na fi kowa sanin muninsa. Ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don na ga yadda wasunku ke yi a nan, layi biyu za ku karanta ku fara tsine wa mutum.

Ni magidanci ne, shekaruna arba'in da bakwai, ina zaune a Akurba nan Lafia da matata da 'ya'ya biyar. Shekara goma sha tara ke nan ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na wata makaranta da ba zan faɗi sunanta ba. Ni ba lakcara ba ne, difloma gare ni. Mu ne masu haɗa sinadarai, masu kula da injuna da firiza, masu koya wa ɗalibai yadda ake riƙe kayan aiki. Duk wanda ya yi digiri a sashenmu ta hannuna ya bi, ko ya yarda ko kada ya yarda.

Cikin waɗanda suka bi ta hannuna akwai wani da zan kira shi Dokta kawai, don bakina ba ya son sunansa. Yana ɗalibi hannunsa rawa yake yi in ya ɗauki bututun awo, ni na riƙe masa hannu har ya iya. Ranar da ya fasa kwalbar asid ya ƙona tebur, ni na ce ni ne, don kada a kore shi daga lab. Baba yake ce mini a lokacin. Ya tafi ƙasar waje shekara shida, ya dawo da digirin digirgir da wani irin Turanci ta hanci, sai na koma "Malam", daga baya ma na koma "kai". Me zan ce?

Sai in ɗan yi muku bayanin aikin, in ba haka ba ba za ku gane laifina ba. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai abin da ake kira DNA, shi ke ɗauke da duk abin da mutum ya gada. Kullum yana ɗan tsinkewa, amma Allah ya yi wasu furotin a jiki da aikinsu shi ne gyara shi. Akwai kamfanoni a ƙasar waje da ke ƙera irin wannan furotin na ɗan Adam a cikin wasu ƙwayoyin halitta da suke kiwo a lab, su tace shi, su sayar wa masu bincike. Ba magani ba ne, ba a sha, ba a yi wa mutum allurarsa, a takardarsa ma an rubuta don bincike kaɗai. Amfaninsa shi ne, wasu ƙwayoyin ciwon daji da wannan gyaran suke rayuwa, in ka samo abin da zai hana furotin ɗin aiki, to wataƙila ka kama hanyar maganin daji. Shi Dokta abin da yake nema ke nan. Wani mai maganin gargajiya ya kawo masa sassaƙen wani itace, yana so ya gwada ko ruwansa zai tsayar da furotin ɗin. Sunan itacen ma ba zan faɗa ba, kada wani ya ɗauki gatari.

Wata bakwai muna jiran furotin ɗin nan. Ranar da ya iso daga Abuja cikin kwali cike da busasshiyar ƙanƙara, ni na buɗe. Ɗan bututu ne bai kai ɗan yatsana ba, abin da ke ciki bai fi ɗigon hawaye biyu ba. Ni na raba shi cikin ƙananan bututu goma sha biyu, don ba a so a yi ta narkar da shi ana mayarwa, na jera su a firizarmu mai tsananin sanyi. Wata biyu ina gadin firizar nan kamar jariri. In aka ɗauke wuta ni ke gudu wajen mai janareto cikin zafin Lafia, wanda ya san garin nan a watan Maris ya san abin da nake nufi. Ni kuma na yi gwajin farko da bututu uku, furotin shi kaɗai ba tare da sassaƙe ba, don a tabbatar yana da rai. In yana aiki ruwan gwajin yakan canza launi ya yi shuɗi. Ya yi shuɗi shar, na rubuta a littafi, Dokta ya duba ya gyaɗa kai, ko sannu bai ce ba.

Bayan sati biyu aka yi baƙi, manya daga sama da wasu Turawa biyu. Na sa farar rigar aikina da matata ta goge, na tsaya kusa da injin don in nuna musu yadda na yi gwajin. Dokta ya gabatar da kowa, har ɗaliban da suka zo jiya. Da ɗaya daga cikin Turawan ya nuna ni ya tambayi ko wane ne, sai ya yi dariya ya ce da Turanci wannan shi ke wanke mana kwalabe, yana kuma duba mana firiza. Na ɗauki bututun awo don in nuna aikin duk da haka, ya zare shi daga hannuna a gaban kowa, ya ce da Hausa, da ƙarfi yadda ɗalibai za su ji, "Kai, wannan ba aikin 'yan difloma ba ne. Kada ka sake taɓa abin da ba ka san darajarsa ba. Ba ni makullin firizar ma." Na ciro na ba shi. Wata ɗaliba ta rufe baki tana dariya. Madam, wata abokiyar aikina 'yar Eggon da muka shekara goma sha biyu tare, ta biyo ni waje tana cewa, "Oga Malam, abeg ka yi haƙuri, wannan yaro kansa ya kumbura ne. Bar shi da Allah."

Ban bar shi da Allah ba. Wannan shi ne gaskiya. Sati guda ban ci abinci da daɗi ba, in na hau babur zan koma gida maganar ce ke maimaita kanta a kunnena. Mai wanke kwalabe? Ni? Shekara goma sha tara? Shi bai san ina da makulli na biyu ba, ni na yanko shi a kasuwa tun yana firamare. Ranar wata Juma'a da rana, kowa ya watse, masu masallaci sun tafi, Madam ta tafi ɗauko 'ya'yanta. Na buɗe firiza na kwaso bututu taran da suka rage, na kunna tukunyar ɗumama ruwa ta lab har ta fara tururi, na tsoma su. Minti goma ina kallon agogo. Na tsamo su na goge, na mayar kowanne gurbinsa, na kulle. In ka kalle su ba abin da ya canza, ruwa ne fari kamar da, amma furotin ya mutu murus, kamar yadda ƙwai in ya dahu ba ya komawa ɗanye. Daga nan na yi alwala na tafi masallaci na bi sahu. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma a ranar wani sanyi na ji a zuciyata.

Abin da na ƙudurta shi ne zai yi gwaji ya ga ba abin da ke aiki, ya ruɗe, a gane bai iya komai ba, ya dawo ya durƙusa ya ce Baba taimake ni. Na manta irin mutumin da nake hulɗa da shi. Ƙa'idar aikin nan, wadda ni na koya masa da bakina, ita ce duk ranar da za ka gwada magani, sai ka gwada furotin shi kaɗai a gefe a wannan ranar, don ka tabbatar da ransa. Shi da yake gaggawa yake yi, kuma yana ganin bututun sun yi kaɗan, sai ya ce ai an riga an yi wancan, ya ɗauki sakamakon da na rubuta a littafi. Duk taran ya zuba musu ruwan sassaƙe. Ba ɗaya da ya yi shuɗi. To yaya mataccen abu zai yi shuɗi? Sai ya fito baranda yana ihu da Turanci, wai sassaƙen ya tsayar da furotin gaba ɗaya, wai ko magungunan Turawa ba su yi haka ba. Ina tsaye a bakin famfo ina wanke kwalaben da ya ce aikina ne, na ji kamar in haɗiye zuciya in mutu. Na so in binne shi, sai ga shi na ɗora shi a kan doki.

Na san za ku ce me ya sa ban yi magana a ranar ba. In ce me? In ce ni na dafa? A kore ni, a kai ni gaban kwamiti, 'ya'yana su ji a bakin 'yan unguwa? Na ce wa kaina ai takarda ce kawai zai rubuta, Turawa su karanta su ajiye. Ashe mutumin nan ba zai iya riƙe bakinsa ba. Kafin wata guda ya shiga rediyo, yana cewa an samu gagarumin ci gaba a kan maganin daji a nan Lafia. Ya dai ce saura bincike, amma wa ke jin wannan ɓangaren? Shi kuwa mai maganin da ya kawo sassaƙen ya samu abin da yake so. Ya ɗaura lasifika a kan mota, ya manna hotonsa da Dokta a gilashi, yana bin kasuwanni daga Shabu har Doma yana cewa likitocin jami'a sun gwada sun tabbatar.

Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta raine ni bayan mahaifiyarmu ta rasu, ita ta tsaya mini na yi makaranta. Tana aure a Awe, sana'arta dafa gishiri tun tana amarya. Bara aka gano tana da sankarar mama. Mun sha wahala kafin ta yarda da asibiti, aka fara yi mata ƙarin ruwan maganin daji, sau shida aka ce za a yi, ta yi uku. Gashinta ya zube, amai ba dare ba rana, amma likita ya ce kumburin yana raguwa. Ranar da ya kamata mu tafi na huɗu na kira ta, sai mijinta ya ɗauka ya ce ai sun fasa, Allah ya kawo sauƙi ta wata hanya.

Ranar Asabar na kama hanyar Awe. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ga wata jarka a gefenta cike da jan ruwa, warin da na sani daga lab ya doki hancina. Ta ga fuskata ta yi murmushi ta ce, "Auta, ashe abin arziki kuke yi a wurin aikin nan ba ka taɓa gaya mini ba?"

Na ce, "Yaya, wannan abin ba a gama bincike a kansa ba. Ki koma asibiti."

Ta ce, "Ba a ɗakinku aka gwada ba?"

Na ce a nan ne.

"Kana wurin?"

Na ce ina wurin.

"To ya yi aiki ko bai yi ba? Kai nake tambaya, ba rediyo ba."

Jama'a, a nan ne na yi laifin da ya fi na farko. Yayata ta kalli idona ta tambaye ni, mijinta na zaune, 'yarta na zaune. Na buɗe baki, sai na ce, "A cikin kwalba ya nuna kamar ya yi." Ta ɗaga hannu ta ce alhamdulillahi, ta ce ita dai ba za ta koma a sake zuba mata wannan wutar a jijiya ba alhali ga abin da ƙaninta ya gani da idonsa. Na hau mota na dawo, tun daga Awe har Obi ban san inda muke ba.

Wata huɗu ke nan. Ina ta kiranta ina lallashi, tana ce mini tana jin sauƙi, ai gashinta ma ya fara fitowa. Yo ba dole ya fito ba tunda an daina maganin?

Sati uku da suka wuce aka kawo sabon furotin, don Turawan nan sun ce sai an maimaita gwajin kafin su sa hannu a takardar binciken. Dokta yana ta tafiye-tafiyen taro, ba shi da lokaci, sai ga shi a ƙofar ɗakina yana murmushi, wai "Baba, kai za ka yi mana wannan, hannunka ya fi na kowa." Baba! Yau kuma? Na karɓa na yi shi yadda ya kamata, furotin shi kaɗai a gefe, furotin da sassaƙe a gefe, sau uku a rana uku. Duka suka yi shuɗi. Sassaƙen nan ko gezau bai sa furotin ya yi ba, da shi da ruwan famfo duk ɗaya. Na kai masa littafin har ofis na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallo, ya cire gilashi ya mayar, sannan ya ce, "Wannan sabon da suka aiko lalatacce ne."

Na ce, "Dokta, lalatacce ba ya yin shuɗi. Ka fi ni sani."

Ya tashi ya rufe ƙofa. Ya dawo ya zauna yana kallona kamar bai taɓa ganina ba, ya ce, "In wannan ne mai rai, to na farkon ne matacce ke nan. Ni kuma da rai na karɓe shi, littafinka ne ya ce haka. Bayan ni, wa ke da makullin firizar nan?" Ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Shi ke nan, na gane. Kana da 'ya'ya biyar ko? Ni in abin nan ya fashe, kuskure za a ce na yi, in sha kunya in wuce. Kai kuwa ka san sunan abin da ka yi." Ya jawo durowa ya jefa littafin ya kulle. Sannan ya miƙo mini wata takarda, ta amincewa ce a sa sunana cikin marubutan binciken, da tsohon sakamakon. Ya ce, "Ba abin da kake so ke nan ba tun tuni? Ga shi. Ka sa hannu ka kawo mini ranar Litinin."

Ku ga irin mutumin. Ya san ƙarya ce, ya san ana sayar da ruwan nan a kasuwa da hotonsa, ko a jikinsa. Na tsane shi yau fiye da ranar da ya zare bututu daga hannuna, kuma ba zan ɓoye muku ba, har yanzu wani sashe na zuciyata abin da yake so kawai shi ne in ga ya tozarta, ko da ni ma zan tafi tare da shi. Ban san ko don Yaya nake son in tona ba ko don shi. Wannan ma wani ciwo ne.

Shekaranjiya na koma Awe. Wannan karon na faɗa mata kai tsaye, na ce an sake gwaji, abin nan ba ya komai, ki zubar mu tafi asibiti yau. Kafin ta yi magana mijinta ya taso mini. Ya ce, "Malam, dakata. Kowa ya san ba ka ƙaunar yaron nan Dokta. Sau nawa ka zauna a gidan nan kana zaginsa? Yanzu Allah ya ɗaukaka shi, shi ne za ka zo ka hana 'yar'uwarka magani don hassada? Da bakinka ka ce ya yi aiki." Na juya wajen Yaya ina jira ta kare ni kamar yadda ta saba tun ina yaro. Ba ta kalle ni ba. Ta ce a hankali, "Auta, ka cire wannan abin daga ranka, zai cinye ka. Da kai da shi duk Allah ne ya raba muku." Da zan fita 'yarta ta biyo ni zaure tana kuka, ta ce, "Kawu, wurin ya fashe tun makon jiya, yana ruwa yana wari, ta hana a gaya maka. Ni nake wanke zanen a ɓoye."

To ga inda nake. Yaya ba za ta yarda da ni ba sai in na gaya mata dukan gaskiya, cewa ni na dafa furotin da hannuna ranar Juma'a, cewa ƙaninta da take alfahari da shi ne ya ƙirƙiro maganin ƙaryar da take sha, kuma ya kalli idonta ya bar ta a kai wata huɗu. In na faɗa a gaban mijinta, kafin magariba labari ya iso Lafia, aikina ya tafi, wataƙila har da 'yan sanda. Kuma ko na faɗa, wa ya tabbatar mini ba za su ce wata sabuwar ƙaryar hassada ce na shirya ba, tunda littafin yana kulle a durowar Dokta? In kuma na kai maganar gaban hukumar makaranta, kwamiti sai ya yi wata shida yana zama, Yaya tana da wata shida? Ban ma fara maganar sauran mutanen da ke sayen jarkar nan ba, waɗanda ban san fuskarsu ba.

Matata ba ta sani ba. Madam ba ta sani ba, jiya ma take tambayata, "Yayarka ya ji sauƙi?" na ce da sauƙi. Ku ne na farko da na gaya wa. Mai zagi ya zaga, na cancanta, amma bayan ya gama don Allah ya ba ni amsa. Yau Asabar, takardar tana cikin jakata ban sa hannu ba, ban kuma yaga ba, motar Awe tana tashi da safe.

Me zan yi?